Motar Baba Sannu

In ka je kamfanin ɗinkin nan na bayan gada ka tambayi direbansu da sunan da ke jikin lasisinsa, maigadi zai daɗe yana sosa ƙeya. Ka ce Baba Sannu kuwa, ko kyanwar sito za ta nuna maka shi. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kwaso ma'aikata da safe yana mayar da su da yamma, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa goga wa motar ko bangon wani ba. Haka nan bai taɓa wuce wata mota a hanya ba, sai dai wadda ta lalace. Masu keke ma sun sha wuce shi suna ɗaga masa hannu.

Tankar ruwa ce ta ɓata shi, in ji masu tsokana. A kanta ya koyi tuƙi wajen kawunsa, ya yi shekara goma sha ɗaya yana kai ruwa unguwannin da famfo bai isa ba. Mai tuƙa ruwa ya san abin da sauran direbobi ba su damu da sani ba. In ka taka birki da ƙarfi motar za ta tsaya, amma ruwan ba zai tsaya ba, tahowa zai yi ya doki bayanka. In ka sha kwana a guje, ruwan ne zai zaɓa muku inda za ku faɗi. Tun daga nan ƙafarsa ta yi sanyi, kuma da ya bar tanka ya kama motar kamfani bai ga dalilin sake hali ba. Da wannan tuƙi na lallaɓawa ya gina ɗaki biyu da falo, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta har kowa ya kama gabansa. Matarsa takan ce ko neman aurenta haka ya yi shi, sai da ta gaji da jira ta zagayo ta tura shi ta baya.

Motar bas ce mai kujera ashirin da huɗu, kowa da tasa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma sabon ma'aikacin da ya kuskura ya zauna a kujerar wani, kallo kaɗai ya ishe shi ya tashi. Kujerar bayan direba ta Mai Maɓalli ce, wata gajerar mata mai babbar murya wadda ta shiga kamfanin shekara ɗaya da shi, kuma tun lokacin take dasa maɓallai a rigunan da ake ɗinkawa. Ita ta laƙaba masa sunan, ita ce kuma ke buɗe tsiyar kowace safiya tun ƙafarta ɗaya na ƙasa.

"Baba Sannu, in mun isa ka tashe ni, ko da jikokina sun yi furfura."

"Yi barcinki, 'yar'uwa. Duk lokacin da na tashe ki, da ƙafafunki za ki sauka."

Sai motar ta kwashe da dariya, shi kuma ya gyara madubi ya ci gaba da rarrafensa. Yana jin daɗin tsiyar nan ƙwarai, ko da yake ko a fuska bai taɓa nunawa ba.

Abin da ba wanda ya lura da shi, har shi kansa, shi ne a cikin motar nan ake tafiyar da kamfanin. Minti arba'in ne daga tashar farko zuwa ƙofa, teloli kuwa ba su iya zaman shiru ba. A nan Dogo mai yanka zai juyo ya gaya wa masu ɗinki cewa yadin rigunan asibiti yana tsukewa in ya sha ruwa. A nan Mai Guga zai kawo ƙarar wuyan rigar da ya ƙi kwanciya, wanda ya ɗinka ya yi tsalle ya musa, a kira shaidu, a yanke hukunci tun ba a hau gada ba. Wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi a nan za a ga idonta, wata ta karɓe mata rabin aikin ranar ba tare da an kai magana ofis ba. Kafin maigadi ya buɗe ƙofa kowa ya san abin da zai yi da wanda zai lallaɓa. Ofis dai ana shiga ne a sa hannu.

Haƙori ne ya hana shi aiki ranar da abin ya faru, ɗaya daga cikin na tauna, can ciki ta hagu. Kwana tara yana fama da shi yana kurkure baki da ruwan gishiri, har kunci ya kumbura, matarsa ta rantse in bai je an cire ba ita za ta cire da filaya. Ya je wajen Manaja ya nemi hutun yini ɗaya. Manaja 'yar mai kamfanin ce, ta karɓi wurin da tsufa ya zaunar da mahaifinta, kuma tana ƙarama Baba Sannu ya sha sauke ta a ƙofar firamare. Ta ce ya je, har da yi masa faɗan me ya sa ya kai haka. Aka aro wani matashin direba daga gareji ya riƙe masa motar na rana ɗaya.

Yana zaune a layin likita, hannu a kunci, tayar gaba ta fashe, motar ta kife a bayan gada. Ma'aikata shida suka rasu, har da Dogo da Mai Guga, ga kuma direban da aka aro. Lokacin da labarin ya same shi bakinsa cike yake da auduga, ko salati bai iya yi da kyau ba.

An rufe kamfanin mako uku. A yi wa Manaja adalci, ta yi duk abin da mai zuciya zai yi. Ta bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta jigilar asibiti. Ta sa aka sake fentin zauren ɗinki, aka yi wa kekuna sabon jeri don kada gurbin waɗanda suka tafi ya riƙa kallon mutane. Ta ɗauki sabon mai yanka da sabon mai guga daga nan unguwar kamfanin. Ta kawo wata ƙwararriya kan kwantar da hankali da ta zaunar da su a da'ira ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Suka cinye biskit, suka shanye lemo, suka kalli yatsun ƙafarsu har awa ta cika. Daga ƙarshe ta sayo wata bas irin waccan, fara maimakon shuɗiya, ta miƙa wa Baba Sannu makullin da hannunta.

Ranar da aka koma aiki ya goge kujerun ɗaya bayan ɗaya, ya fita a kan lokaci, ya tsaya a tashar farko ya buɗe ƙofa. Ba kowa. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ya isa kamfani shi kaɗai ya tarar duk sun riga shi, wasu a tasi, wasu a babur, wasu a ƙafa. Ya ce a ransa tsoro ne, zai wuce. Aka yi mako, aka yi wata. Kuma mai tsoron mota ai ba ya ɗarewa bayan babur ko hular kwano babu. Sai ya fara lura. In ya doso tasha zai hango wanda ya sani ya juya baya yana karanta allon wani shago, ko wata ta shige bayan rumfar mai jarida har ya wuce. A harabar kamfani gaisuwa ta koma ta fatar baki, ido a ƙasa, ƙafa na sauri.

Ya gane, ko kuma ya ɗauka ya gane. Da shi ne kan sitiyari ranar, ko taya huɗu ne suka fashe, a irin tafiyarsa sai dai motar ta zauna. Sun san haka, shi ma ya sani. Suna da kara, ba za su faɗa masa a ido ba, amma ba za su iya shiga motar mutumin da ya bar su saboda haƙori ba. Wannan tunani ya zauna masa a ƙirji, harshensa kuma ya kama ɗabi'ar laluben gurbin haƙorin, ko yana tuƙi ko yana cin abinci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai san wa zai kai wa ba. Ko matarsa bai iya gaya wa ba, tunda ita ta tura shi asibitin.

Duk da haka bai fasa fita ba. Kowace safiya yakan bi tashoshin kaf, ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya ƙirga ashirin a zuci, ya rufe. Da yamma ya ajiye motar a bakin ƙofa da inji a kunne, har sai na ƙarshe ya fito ya wuce shi ya tari tasi.

"Malam, wai iska kake kaiwa wurin aiki?" matarsa ta tambaye shi wata safiya tana miƙa masa shayi.

"Iskar dai ba ta taɓa ƙorafi ba."

"To ka haɗa da burodin. Ka rame, wandon nan saura kaɗan sai da igiya."

A cikin zauren ɗinki kuwa kekuna ne kaɗai ke magana. Kowa ya zo shi kaɗai, ya duƙa kan aikinsa, ya tafi shi kaɗai. Sabon mai yanka gwani ne, amma ba wanda ya gaya masa halin yadin asibiti, sai ga riguna ɗari biyu an dawo da su bayan wanki ɗaya, dogon hannu ya koma gajere. Manaja ta ƙirƙiro taron safiyar Litinin, har da takardar abubuwan da za a tattauna. In ta ce ko akwai mai magana, sai dai ka ji fanka na juyawa.

Wata Juma'a ta kira shi ofis, ta daɗe tana gyara takardun da ba su hargitse ba.

"Baba, ba korarka zan yi ba, kar ma ka kawo wannan a ranka. Amma mota tana shan mai kullum ba kowa a ciki, kuma ina ganin ko ganinta ma yana tayar musu da hankali. In har ƙarshen watan nan ba abin da ya sake, zan sayar da ita. Kai kuma ka riƙe mana makullan sito."

"Sito wuri ne mai kyau, ranki ya daɗe."

"Baba, kar ka ce mini ranki ya daɗe da wannan fuskar."

Ya yi mata murmushi don ta samu sauƙi. Saura kwana goma sha biyu. Ba sito ne ya dame shi ba, mai shekara sittin ba ya raina kujera da inuwa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya ajiye makulli a haka, ya rufe tuƙin shekara talatin da uku da mota wayam, mutanensa ba su yafe masa ba.

A makon da ya biyo Mai Maɓalli ta dawo aiki. Ta kusa wata uku tsakanin asibiti da gida, an sa mata ƙarfe a ƙafar dama, ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Babur ba ya hawuwa gare ta, tasi kuma a cushe take, babu wurin miƙe ƙafa. Ranar Talata da ya iso tasha ta biyu sai ga ta tsaye da sanda. Ya buɗe ƙofa, ƙirgan ma ya manta da shi. Ta hau da kyar, ta ƙi hannun da ya miƙa mata, ta wuce kujerarta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta ja ƙafa har can ƙurya ta zauna. Ina kwana ce kaɗai ta haɗa su. Laraba ma haka. Ya riƙa satar kallonta a madubi. Ta ragu sosai, kuma muryar nan da ke cika mota ko tari ba ta yi.

Ranar Alhamis, bayan tasha ta biyar, ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Bai juyo ba, madubi ya yi wa magana.

"'Yar'uwa, ina da magana, in ban faɗe ta yau ba sito zan tafi da ita. Na san abin da ya hana ku shiga motar nan, kuma ban ga laifinku ba. Kwana tara na yi da haƙorin nan, da na ƙara ɗaya ba mutuwa zan yi ba. Ki gaya musu na sani. Ba sai sun shigo ba, amma don Allah su yafe mini."

Sai ya ji sanda na tahowa, ƙwas, ƙwas, har ta tsaya a kansa.

"Wane haƙori?"

"Wanda aka cire mini ranar."

"Baba Sannu, wai kai duk watannin nan abin da kake ɗauke da shi ke nan? Haƙori?" Ta zube a kujerarta ta da ba tare da ta lura ba. "Wayyo mu! Wa ya ce maka haushinka muke ji? Kunyarka muke ji, bawan Allah. Kunya!"

A nan ta gaya masa abin da ba a gaya wa 'yan sanda ba, ba a gaya wa Manaja ba, balle matar nan mai biskit. Da safen nan da suka ga baƙon direba murna suka yi. Ya taso da su a hankali, yana tambayar hanya cikin ladabi. Ita ce ta daki bayan kujerarsa ta ce yau dai sun huta da kunkuru, ya taka mata su ga yadda ake zuwa aiki a wannan zamani. Ya ɗan taka, aka yi masa tafi. Ya wuce wata tirela, aka ɗauki ihu, Mai Guga har da miƙewa tsaye yana jinjina masa. Wani ya ce a roƙi Manaja ta bar musu shi dindindin. Suna cikin wannan dariya suka hau gada.

"Da sunanka a bakinmu muka faɗi, Baba. Dariya muke yi maka. To da wane ido za mu shigo mu zauna a bayanka? Mu kanmu ba ma iya kallon juna, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Kuma ni na fara. Yaron nan shi ma uwa ce ta haife shi, aikin yini ɗaya ya fito, ni na..."

Muryarta ta karye. Tausayinta ya kama shi har ya manta da na kansa.

"Shekara nawa kina ce mini in taka?"

"Ashirin da biyu."

"Na taɓa takawa?"

"A'a."

"To, fasinja dama surutu ne aikinsa, ba a taɓa hana shi ba. Shi kuma yaro ne, yana so gobe a sake kiransa. Ni ma da a shekarunsa aka yi mini tafi, ban san abin da ƙafata za ta yi ba. Tayar nan kuwa ni na duba ta ranar Asabar, na ce za ta kai ƙarshen wata." Ya numfasa. "In rabawa za a yi, kowa zai samu. Ni dai na gaji da ɗaukar nawa ni kaɗai."

Ta share fuska da gefen mayafinta. "Kunna motar, za ka sa in makara."

Da hutun rana ta aiki maigadi ya kira shi zauren ɗinki. Duk shekarunsa a kamfanin bai taɓa wuce bakin ƙofar zauren ba. Ya tsaya tsakanin kekuna, hula a hannu, bai san inda zai sa idonsa ba. Mai Maɓalli ta buga sanda a tebur ta ce su zo su ji abin da mutumin nan yake tsammani. Ta sa ya maimaita, haƙori da taya duka. Sannan ta faɗi nata da ƙarfi, daidai yadda ta faɗe shi a mota ranar, ba ta rage ko kunkurun ba. Wata mai ɗinkin aljihu ta kifa kai a kan kekenta. Wani mai ɗinkin wanduna ya tashi ya fita. Manaja na tsaye a ƙofar ofis, ta ji komai. Aka kaɗa ƙararrawa, kekuna suka tashi, shi kuma ya fita yana ganin ƙara ɓata abin kawai suka yi. Da yamma Mai Maɓalli ce kaɗai ta shiga motar. Juma'a ma haka.

Ranar Asabar da hantsi, matarsa na shanya, ya zauna a bakin ƙofa ya gaya mata komai. Ta saurara da jiƙaƙƙen zani a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

"Malam, ka ɗauka ban sani ba? Ni da na tura ka? Wata uku ina jira ka buɗe baki, ko zagina ne ka yi in samu sauƙi."

Bai zage ta ba. Ya tashi ya kama mata ɗaya gefen zanin suka matse tare.

Ranar Litinin, saura kwana biyu wata ya ƙare, ya doso tashar farko ya hango mai ɗinkin wandunan nan tsaye da ledar abincinsa. Bai juya baya ba. Ƙofa na buɗewa ya taka matakala ya tsaya.

"Ina kwana, Baba. Ni na ce a bar mana shi dindindin."

"Lafiya lau. Shigo, kula da matakala."

A tasha ta biyu Mai Maɓalli ta hau ta zauna a bayansa. A ta uku mai ɗinkin aljihu ta shigo, kai a ƙasa, ta ce ita tafi ta yi. A ta huɗu mutum biyu, ɗaya ya ce shi ya nuna masa tirelar, ɗayar ta ce ita ta ji tsoro amma ta yi shiru kada a yi mata dariya. Haka suka yi ta shigowa, kowa ya miƙa nasa a bakin ƙofa kamar kuɗin mota, shi kuma amsarsa ɗaya ce ga kowa. Ba duka suka zo ba. Cikin goma sha takwas ɗin da suka rage goma sha ɗaya ya samu. Wasu sai bayan watanni, mutum biyu kuma har suka bar aikin ba su sake taka motar ba. Waɗanda suka shigo kowa ya nufi kujerarsa ta da, kujeru shida kuwa ko jaka ba wanda ya ɗora a kai.

Da suka hau gada motar ta yi tsit. Yana ganin hannuwa a madubi sun damƙe ƙarfen kujeru. Shi ma akwai abin da ya daɗe yana cin sa. Kullum yana wucewa ta nan, amma bai san ainihin wurin ba. Bayan gada kawai aka ce masa, kuma bai samu wanda zai tambaya ba. Yana sauka daga gadar ya kunna sigina ya tsaya.

"Ku nuna mini," ya ce. "Ni kaɗai ne ban sani ba."

Mai wanduna ya miƙe, sauran suka bi shi. Ya nuna inda tayar ta fashe, ga shatin ƙarfe nan har yanzu a jikin kwalta. Mai aljihu ta nuna gindin turken lantarki inda ta farfaɗo ta ga takalminta ɗaya a hannunta. Wata ta ce a nan Dogo ya kwanta, da sauran ransa, yana tambaya ko kowa ya fito. Ashe ba kowa ya san wannan ba, wasu sun suma, wasu an riga an kwashe su. Kowa da guntun safiyar nan da ya riƙe shi kaɗai wata uku, sai a bakin hanya suka haɗa ta, motoci na wucewa ana leƙensu. An sha kuka, shi ma ya yi nasa bai ɓoye ba. Suka yi wa mamatan addu'a, Mai Maɓalli ta tabbatar an ce bakwai har da yaron direba, ba shida ba.

A sauran hanyar wata ta tambaya da dusasshiyar murya ko akwai wanda ya san yadda marigayi Dogo yake yi wa yadin asibiti. Ashe mutum uku kowa ya san wani ɓangare. Kafin a sha kwanar ƙarshe har sun fara musu, ko yatsa biyu yake ƙarawa wajen yanka ko uku.

Sun makara da minti hamsin. Manaja na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, hankalinta a tashe, don tun ranar nan duk motar da ta makara sai gabanta ya faɗi. Ta ga suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, idanu jajur, suna ta musu. Leɓenta na motsi, ƙirga su take yi. Da suka shige ta matso wajen tagar direba.

"Baba, ni ma ina da nawa. Ni na ce a samo kowane direba ne, ai rana ɗaya ce. Ko lasisinsa ban duba ba."

"Na ji, 'yata."

"Gobe ku biyo ta ƙofar gidana. Akwai kujera?"

"Akwai guda shida."

Ta leƙa cikin motar ta daɗe tana kallon kujerun.

"To, ba ni zan zaɓa ba. Ku yi shawara, ku ba ni wadda za ku iya jure ganina a kai."

Mai Maɓalli ce kaɗai ba ta gama sauka ba, ƙafa ɗaya a ƙasa, mai ƙarfen a kan matakala. Ta miƙo wa Manaja hannu.

"Riƙe ni in sauka tukuna. Ta Mai Guga za mu ba ki. Shi ko da ransa bai iya ganin mutum a tsaye ba."